Fata da Cututtukan da Ba Su Jiran Gobe

Mutanen da, in za su kafa birni, abin da su kan fara tunani shi ne ganuwa. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birnin Kano, yau wajen shekara 900 ke nan. Daga baya aka yi ta faɗaɗa ta, ana ƙara mata ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta, in dare ya yi a rufe. Yanzu ruwan sama da gine-gine sun cinye yawancinta, amma a zamaninta ita ce ran gari. Muddin tana tsaye mutane su kan yi barci har da minshari. Ran da ta tsage kuwa, ko da a wuri ɗaya ne, mahara sun sami hanya.

To, jikin ɗan Adam ma birni ne, ganuwarsa kuwa ita ce fata. Da za a shimfiɗa fatar babban mutum a ƙasa, da ta kusa cika tabarma guda. Ita ce ke hana ƙwayoyin cuta shiga cikin jiki, watau waɗansu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Ita ce kuma ke hana ruwan jiki tsiyayewa. In rana ta yi zafi gumi ya fita ta 'yan ƙofofinta, jiki ya huce.  Ba ta kuwa yarda ta tsufa, gama ɓawonta na waje kullum kaɗewa ya ke yi kaɗan-kaɗan, sabo yana tasowa daga ƙasa, har a cikin wata guda ko fiye kaɗan ya sake sarai. Saboda haka wanda ya rasa fata mai yawa yana cikin hatsari uku a lokaci ɗaya: ruwan jikinsa ya zube, sanyi ya shige shi, ƙwayoyin cuta kuma su faɗa masa.

Cututtukan fata suna da yawa, amma galibinsu ba su kisa. Akwai ƙazuwa mai hana barci da ƙaiƙayi, da makero mai zana da'ira, da ƙyasbi, da kirci, da ƙurajen zafi na bazara. Yaro mai ɗayan waɗannan ya kan ci tuwonsa, ya tafi makaranta, ya yi langa da 'yan'uwansa. Lalle suna bukatar magani, ba a kuwa so a ƙyale su, don ƙazuwar da aka sosa har ta yi mugunya ta kan jawo ciwon ƙoda. Amma dai ko an kwana biyu kafin a je ɗakin magani ba a makara ba.

Akwai kuma waɗansu 'yan kaɗan waɗanda ba su jiran gobe. A cikinsu akwai waɗanda a fatar su ke farawa su ci ciki, akwai kuma waɗanda a cikin jini su ke, fata ce kawai ke tona asirinsu. Abin da ya sa su ke cin mutane shi ne da farko su kan yi kama da ƙananan nan. Sai a ce ai ƙuraje ne, a bari a gani. Kafin a gani, aikin gama ya gama.

Ƙaƙa za a rarrabe su? Likita ba ƙurajen kaɗai ya ke duba ba, mai ƙurajen ya ke fara duba. Shin jikinsa da zafi? Yana ci yana sha, ko kuwa ya yi laushi, yana ta barci ba ya son tashi? Sa'an nan ya tambayi saurin abin. Tabon da ya yi wata uku bai sake ba, da sauƙi. Wanda da safe bai wuce kwabo ba, da azahar ya yi faɗin faifai, wannan shi ne abin tsoro. Ya kan tambaya kuma ko ƙaiƙayi fatar ke yi ko ciwo, gama ƙuraje masu ciwo sun fi masu ƙaiƙayi mugunta. Daga nan sai ya buɗe bakin majiyyaci, ya duba idanunsa. In cutar ta kama leɓe da harshe da ido tare da fata, to, ba ƙaramar cuta ba ce. Waɗannan tambayoyi ba su fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

Akwai wani abu da ya kamata a sani. Yawancin littattafan likitoci a Turai aka rubuta su, don haka su kan ce fata ta yi ja. A jikin baƙar fata kuwa jan nan ba safai ya ke fitowa ba. Wurin ya kan ƙara duhu ne, ko ya yi sheƙi, ko ya kumbura. Saboda haka a fito da majiyyaci cikin hasken rana, kada a dogara da fitila. A taɓa wurin da bayan hannu a ji ko ya fi sauran jiki zafi. A duba inda fata ke da haske, watau tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin leɓe, da cikin fatar ido.

A da babu cutar fata da a ke tsoro kamar agana. A cikin mutum goma da ta kama ta kan kashe wajen uku, waɗanda suka tsira kuwa ta bar su da zanzana, waɗansu ma ta makantar da su. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa wanda aka sa wa ruwan ƙurjin wata cutar shanu mai sauƙi, agana ba ta kama shi. Wannan shi ne asalin lamba. Aka yi ta bin gari-gari ana yi wa mutane lamba, har a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A 1977 aka ga mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin gari, a ƙasar Somaliya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa agana ta ƙare a duniya. Yaron da ya roƙi kakarsa ta nuna masa dantsenta, watakila ya ga tabon lambar nan har yau.

Agana ta tafi, amma ƙyanda tana nan, wadda a ke ce wa baƙon dauro. Da bazara ta fi yawa. A iska ta ke tafiya. In mai ƙyanda ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayarta ta kan zauna cikin iskar ɗakin har wajen awa 2, kuma a cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da shi, tara za su ɗauka. Bayan kwana 10 zuwa 14 sai zazzaɓi ya taso, da tari, da majina, idanu su yi ja suna hawaye, yaro ya ƙi haske. In an buɗe bakinsa a lokacin nan, a kan ga waɗansu fararen ɗigo a cikin kunci kamar an barbaɗa gishiri. Bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su fito. A bayan kunne da goshi su ke farawa, su gangara wuya da ƙirji, har su kai ƙafa.

Ƙurajen ba su ke kisa ba, abin da ke biye da su ne. Ƙyanda ta kan sauka a huhu, yaro ya riƙa numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa. Ta kan kawo zawo har jiki ya bushe. Ta kan ci ido, baƙin ido ya yi fari-fari kamar hazo, in ba a yi hanzari ba yaro ya makance. Wani lokaci ma ta hau ƙwaƙwalwa ya riƙa jijjiga. Waɗansu iyaye su kan ce ba a kai mai ƙyanda asibiti, ba a yi masa wanka, sai a kulle shi a ɗaki a ɗiga masa ruwan ganye a ido. Ƙauna ce ta sa su, amma wannan al'ada ta cinye yara da yawa, ruwan ganyen nan kuma ya kashe idanu fiye da yadda a ke zato. Abin da mai ƙyanda ke bukata shi ne ruwa mai tsabta da yawa, da nono in yana sha, da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, da goge jiki da ido da ruwa mai tsabta. A asibiti a kan ba shi bitamin A, ɗaya yau ɗaya gobe, mai tsare ido da rage mutuwa, in kuma huhu ya kamu a ba shi maganinsa. Rigakafin ƙyanda kuwa tun 1963 aka same shi. A Nijeriya a kan yi wa yaro allurar farko yana da wata 9, ta biyu yana da wata 15, kyauta.

Ƙyanda ko ta warke ta kan bar jiki ba ƙarfin kare kansa har watanni. A lokacin nan ne wata muguwar cuta ta kan lallaɓo, wadda likitoci ke kira noma. Kada a ruɗe, ba ruwanta da noman gona. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta abin da ke ci yana yaɗuwa. Da Hausa a kan ce mata zaizayar baki, waɗansu kuma su ce ciwon iska, ko da ya ke ba iskokai ke kawo ta ba. Ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda ke zaune a bakin mutum, waɗanda lafiyayyen jiki ya fi ƙarfinsu. Yaron da yunwa ta ramar, sa'an nan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya ƙara kayar da shi, shi ne su ke samun sa'arsa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Farkonta ba ya da ban tsoro ko kaɗan. Dasashi ne ke kumbura, in an taɓa ya yi jini. Sai miki ya fito a dasashin, baki ya riƙa wari ƙwarai, miyau na dalala, yaro ya ƙi cin abinci. Bayan 'yan kwanaki kunci ko leɓe ya kumbura ya yi tauri. Daga nan sai wani baƙin tabo ya bayyana a kan kumburin, alamar naman wurin ya mutu. Cikin mako ɗaya ko biyu naman ya zube ya bar rami a fuska, har a riƙa hango haƙora, wani lokaci ta ci hanci da ƙashi. In ba a yi magani ba, a cikin yara goma wajen tara su kan mutu. Wanda ya rayu kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa ya kan ɗaure, cin abinci da magana su yi masa wuya, ya riƙa ɓuya a ɗaki don kunya.

Abin baƙin ciki a nan shi ne, tun tana dasashi maganinta ba wuya, ba tsada. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ne, da wanke baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, da abinci mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da ƙwai da madara. Kwanakin nan 'yan kaɗan na farko su ne duka zancen. Uwa kuwa aiki ya yi mata yawa, ga daka ga ɗiban ruwa ga goyo. Sau da yawa wanda ke ɗauke da ƙaramin yaro wuni guda yayarsa ce 'yar makaranta, ita ce kuma za ta fara jin warin bakin. In ta ce, "Inna, bakin ƙanena yana wari, dasashinsa kuma yana jini, a kai shi asibiti yau," ta yi aikin da babban likita ba zai iya yi ba bayan mako biyu. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta, wanda aka buɗe a 1999. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa a can, ana gyara fuskar waɗanda cutar ta ci, kyauta. A Damagaram ma, cikin ƙasar Nijar, akwai wurin kula da irin waɗannan yara. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, don ƙasashe su ƙara himma a kanta.

Sanƙarau ba cutar fata ba ce, amma wani lokaci a fata ta ke nuna kanta. Tun daga hunturu har ƙarshen bazara ta ke yawo, sa'ad da ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Kowa ya san alamunta: zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya, jariri kuwa maɗigarsa ta kumbura. Amma in ƙwayar ta shiga jini, a kan ga waɗansu ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an tsattsaga fata da tsinin allura, daga baya su haɗu su yi faɗi kamar jini ya kwanta. Ga yadda a ke gwada su. A ɗauki tambulan na gilashi a danna gefensa a kan ɗigon, a duba ta cikinsa. Ƙuraje na yau da kullum su kan dushe in an danna su. Waɗannan ba su dushewa, gama jini ne ya fita daga jijiyoyinsa. Zazzaɓi da irin wannan ɗigo, ko da tsakar dare ne, sai asibiti, don cutar ta kan kashe mutum cikin yini guda. Amma kada a zauna jiran ɗigon, gama masu sanƙarau da yawa ba ya fito musu ko kaɗan.

Ƙaramin rauni ma ya kan zama babban abu. Mutum ya taka ƙaya ko ƙusa, ko fartanya ta sare shi, ƙwayoyin cuta su shiga ta wannan tsaga su yaɗu ƙarƙashin fata. Wurin ya kumbura, ya yi zafi da sheƙi. A nan ɗan makaranta yana da makami a aljihunsa, watau biro. Sai ya zagaye iyakar kumburin da layi, ya rubuta lokaci a gefe. In bayan 'yan awoyi kumburin ya tsallake layin, cutar tafiya ta ke yi. Mafi muni shi ne in ciwon ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, watau ƙafa ba ta nuna wani abu mai yawa ba, amma mutum yana ihu, ga zazzaɓi. Wannan alama ce ƙwayoyin suna cin naman ciki. In an jinkirta, fata ta yi baƙi, ta yi bororo mai wari. Irin wannan ƙwayar magani kaɗai ba ta isa, sai likita ya yanke mataccen naman. Masu ciwon sukari sun fi kowa shiga wannan hatsari. Sabon rauni kuwa, ruwa mai tsabta da sabulu a ke fara yi masa, a rufe da tsumma mai tsabta. Ƙasa da toka da kashin shanu ba magani ba ne, su ne ma ke kawo ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure haƙora.

Wadda ta fi duka sauri ita ce mai zuwa da borin jini. Borin jini shi kaɗai ba kome, jiki ne ke yin rudu-rudu yana ƙaiƙayi, an jima ya kwanta. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da wani abu, kamar harbin ƙudan zuma ko rina, ko gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai, ko wata allura. Cikin 'yan mintoci borin jini ya rufe su, leɓe da harshe su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fito, jiri ya ɗebe su. Maƙogwaro ne ke toshewa. Kada a tayar da irin wannan mutum tsaye, kada a sa shi tafiya da ƙafarsa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a jingina shi zaune, a ɗauke shi a kai asibiti mafi kusa. Maganinsa wata allura ce, adiranalin, da a ke yi a cinya.

Da hunturu, sa'ad da a ke kwana da garwashi a ɗaki, ƙuna ta kan yi yawa, haka kuma wajen murhu inda ƙananan yara ke rarrafe kusa da tafasasshen ruwa. In wuta ta kama rigar yaro kada ya yi gudu, gudu hura wuta ya ke yi. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Sa'an nan a yi ta zuba wa ƙunar ruwa mai sanyi har minti 20, amma ban da ƙanƙara. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, kada kuma a fasa bororo. Likitoci da tafin hannu su ke auna ƙuna. Tafin hannun majiyyaci har da yatsunsa daidai ya ke da kashi 1 cikin 100 na fatarsa. Yaron da ƙunarsa ta kai tafi goma yana bukatar ƙarin ruwa a asibiti, ko da yana magana yana dariya. Ƙunar fuska ko hannu ko al'aura kuwa, ko ƙarama ce, a kai wa likita.

Saura guda, wadda ta fi sauran ruɗa mutane, domin ƙuna ce ba wuta, kuma magani ne ke kawo ta. A 1922 waɗansu likitocin yara biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka ba da labarin yara maza biyu da suka gani da zazzaɓi, da miki a baki, da idanu masu mugunya, da ƙuraje a jiki duka. Har yau da sunansu a ke kiran cutar. Ba ta da yawa, a cikin mutum miliyan guda 'yan kaɗan ne ta ke kamawa a shekara. Magungunan da suka fi jawo ta kuwa ba miyagu ba ne. Akwai jinsin salfa, irin su Septrin da Fansidar, da waɗansu magungunan farfaɗiya. Dubban mutane suna sha suna warkewa lafiya lau. Sai dai a sami mutum ɗaya wanda jikinsa ya ɗauki maganin abokin gaba ne, ya tashi yaƙi da shi, garin yaƙin ya rushe ganuwar kansa.

Ga misalin yadda ta kan zo. A ce wata yarinya 'yar shekara shida tana tari, ubanta ya sayo mata ƙwaya a kantin magani. Ta yi ta sha har kwana takwas. Ran nan sai ga zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, idanu sun yi ja suna raɗaɗi. Uwar ta ce ai ciwon ne ya dawo, a ƙara mata maganin. Kashegari tabo masu duhu suka fito a fuska da ƙirji. Kakar ta duba ta ce, "Baƙon dauro ne, ku bar ta a ɗaki." Wanta kuwa, ɗan aji biyar, ya lura da abu biyu. Yarinyar ba sosa jiki ta ke yi ba, kuka ta ke yi in an taɓa ta. Leɓenta kuma ya farfashe ya yi baƙin ɓawo, ga bororo a kan tabon. Sai ya durƙusa gaban ubansu ya ce, "Baba, Malam ya koya mana ƙurajen ƙyanda ba su yin bororo. Ya ce in fata na ciwo, baki da ido sun kamu, a tambaya ko mutum ya fara shan wani sabon magani. Ga shi kuwa an yi mata allurar ƙyanda tun tana goye." Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗauko mini kwalin maganin nan." Kafin la'asar suna asibiti.

Yaron nan ya yi daidai. Cutar ta kan taso ne tsakanin kwana 4 da mako 4 bayan fara sabon magani, wani lokaci ta ɗan wuce haka. Don ba ran da aka fara sha ta ke zuwa ba, shi ya sa ba a zargin maganin. Kowace ƙwaya da aka ƙara kuwa itace ne aka ƙara wa wuta. In ta yi tsanani, fata ta kan saluɓe falle-falle kamar an kwara wa mutum tafasasshen ruwa, ko da yatsa aka goga sai ta zame. A cikin masu ƙaramarta, wajen ɗaya cikin goma ya kan mutu. In fata mai yawa ta saluɓe, wajen uku cikin goma. Abin yi shi ne kada a sake ba da maganin, a kai majiyyaci asibiti a ranar, tare da kwalin kowane magani da ya sha cikin wata biyu, har da na gargajiya. In maganin farfaɗiya ne, likita zai musanya shi da wani, don ba a barin mai farfaɗiya haka nan ba magani.

A asibiti jinyar mai ƙuna a ke yi wa irin wannan majiyyaci. A sa shi a ɗaki mai tsabta mai ɗumi, a yi masa ƙarin ruwa, a rufe inda fata ta saluɓe, a riƙa wanke masa baki, a ba shi abinci mai ruwa-ruwa. Ido ne a ke fi tsaro, ana ɗiga masa magani dare da rana, don kada fatar ido ta manne ta bar tabo mai hana gani. In an tsare shi daga ƙwayoyin cuta, cikin mako biyu ko uku sabuwar fata ta kan tsiro.

Ran da za a sallami yarinyar, likita ya rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a kan kati, ya miƙa wa uban. Ya ce, "Malam, wannan magani da danginsa, kada ta sake shan su har iyakar ranta. In ta sake sha, ciwon zai dawo da sauri fiye da na farko. Duk inda za a ba ta magani, ko a asibiti ko a kanti, a fara nuna wannan kati." Uwar ta karɓa ta sa shi cikin leda tare da katin rigakafi. Wan kuma ya kwafe sunan maganin a bangon littafinsa na lissafi, ya koya wa ƙanwarsa faɗinsa har ta haddace.